Gumin Mohannad

"Mayar da shi baya," in ji Baba Abdulghaffar. "Inda ya yi tsallen nan."

Na mayar. A fuskar wayar, ɗansa Mohannad ya sake tashi sama, ya sake zura ƙwallo a kwando, 'yan kallo suka sake miƙewa. Baba yana kishingiɗe a katifa a falo, an tokare masa baya da matasai. Ya tambaye ni me Baturen da ke sharhi ya ce. Baturen cewa ya yi bai ga yaro mai hannu irin wannan ba duk bana. Na ce wa Baba ya ce yaron ya yi ƙoƙari.

"Duk ihun nan, ƙoƙari kawai?"

"Haka suke. Komai sai sun yi ihu."

Ƙofarmu da tasu suna kallon juna ne a wani tsohon bene a Madain Fahd. A Jidda aka haife mu duka, kakanninmu aikin hajji ya kawo su suka zauna. Ni na fara kai Mohannad filin siminti na bayan masallaci yana ɗan firamare, ni na koya masa jefa ƙwallo. Kafin shi, ni ne ɗan unguwar da ya tafi Amurka ya buga wa jami'a ƙwallon kwando. A zamanina ba a biya. Ɗaki, abinci, kuɗin makaranta, shi ke nan. Wurin wasa yana cika maƙil, ana sayar da riga mai lambata a ƙofa, kocinmu yana canza mota. Wata rana mai gidan abinci ya gane ni ya ƙi karɓar kuɗina, labari ya kai ofis, aka dakatar da ni, don doka ta hana ɗan wasa karɓar kyauta. Na dawo da takardar digiri da gwiwar da ba ta son matakala. Yanzu ina aiki a ofishin wani sito a unguwar masana'antu.

Mohannad ya tafi ne bayan an canza doka. Shi ana biyansa. Da Baba ya bar aikin tuƙi a Abhur, can bakin teku, inshorarsa ta tafi tare da aikin, sai kuma ƙoda ta tsaya. Da kuɗin ƙwallo ake yi masa wankin ƙodar. Duk unguwa ta sani, don Baba ba ya barin kowa ya manta. Ni kuwa in an zauna shan shayi nakan ce biyan ɗalibi ya lalata wasa, wanda aka ba ilimi ai an biya shi. Baba yakan yi dariya ya ce shi dai ya taɓa gwada sayen shinkafa da ilimi, mai kanti bai yarda ba.

Ranar Talata 'yarsa Mastura ta tare ni a matakala. Ta ce likita ya ce zuciyar ba za ta ƙara ɗaukar wankin ba, a kai shi gida a kula da shi. Baba kuma ya hana a gaya wa Mohannad. A gidansu, tun daga kakanni, ba a aika wa matafiyi mugun labari. Sai ya dawo ya ajiye kaya ya sha ruwa, sannan a zaunar da shi.

"Yaya Majid, kai ka san yadda ake neman izini a wurin masu jami'ar," in ji ta. "Ka kira shi. Ni in na kira, kuka zan yi."

Ba ta roƙe ni sau biyu ba. Na kira shi da la'asar, shi yana karin kumallo a can. Na gaya masa ba kwana-kwana. Sannan ya fara bayani da Larabci, don Hausarsa ba ta kai irin wannan magana ba. An shiga gasar ƙarshe, wasan da ake jira ranar Asabar ne, masu neman 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi za su zo. Kuma a yarjejeniyarsa, wanda ya bar gasa ba don rauni ba, za a tsayar da biyansa.

Na ce masa lokacin da mahaifiyata ta rasu ina can, kuma abin da ya hana ni zuwa kuɗin jirgi ne. Shi yana da na jirgi goma. Ya ce zai duba tikiti.

Washegari Baba ya aika a kira ni. Mohannad ya yi wa Mastura waya yana tambayar abin da zai taho da shi, Baba kuma ya ji.

"Kai ka kira shi?"

"Ni ne."

"Saboda Allah ka kira shi, ko saboda gwiwarka?"

Ya yi tari, Mastura ta miƙa masa ruwa, ya ture kofin.

"Na yi rayuwata ina kai 'ya'yan mutane bakin teku ina jiransu a mota. Na san gumin da ake ci. Kai an ci naka, halas, ya wuce. Shi ma so kake a ci nasa?"

"So nake ya gan ka, Baba."

"Ya gan ni. Tun da aka haife shi yake ganina. Me ya ƙaru?"

Sai ya sa aka kira wanzami. Aka gyara masa gemu, aka shafa masa baƙin lalle. Mastura ta goge farar riga, muka kama shi ni da ita muka ɗora a kujera, muka cusa matashi a gefe don kada ya karkata. Ya sa aka ajiye butar gahawa da dabino a gabansa, shi da ko ruwa da ƙyar yake haɗiyewa. Sannan ya ce ni zan riƙe wayar, tunda ni na ɓata. In riƙe ta daga ƙirji zuwa sama, kada kumburin ƙafafunsa ya fito.

Mohannad ya bayyana, jaka a buɗe a kan gado a bayansa.

"Ina za ka da jaka?" in ji Baba, da wata murya da na daɗe ban ji ba. "Majid ya tsorata ka? Shi ai tun da ya dawo komai baƙi yake gani. Ga ni ina shan gahawa. Yalla, zazzage kayan nan. Asabar ina so in ga kwando yana kuka."

Yaron ya yi dariya, idonsa ja. Ya ce a juya wayar. Na juya.

"Yaya Majid, sahih? Da gaske ne? Abuya da sauƙi?"

Baba yana kallona ta saman wayar.

"Ka dai gani da idonka," na ce.

Da aka kashe wayar, sai da muka ɗauke shi cak zuwa katifa. Bai ƙara zama ba.

Ranar Asabar ɗin su, mu nan gari ya waye Lahadi. Na shiga da hantsi da wasan a waya. Sun ci. Mohannad ya fi kowa zura ƙwallo, aka ɗaga shi a kafaɗa. Baba ba ya iya buɗe ido sosai, sai na zauna kusa da kunnensa ina gaya masa. Wannan karon na fassara masa duk abin da Baturen ya ce, har wanda ya maimaita. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Za su biya shi?"

"Za su biya shi."

Ya cika kafin azahar. A nan ba a jiran kowa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, muka kai shi makabarta. Da magariba aka jera kujeru a layi, aka rataya fitilu daga bene zuwa bene. Maza na gida su ke tsayawa a sahu a karɓi gaisuwa, ga shi namijin gidan yana cikin jirgi a sararin sama. Na tsaya tare da wani ƙanen Baba da ya zo daga Makka. Duk wanda ya kama hannuna sai ya yi ta'aziyya, sannan ya rage murya ya tambaya ko na ga wasan.

Mohannad ya iso rana ta biyu. Sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin fitilun. Samarin unguwa suka yi masa gaisuwa yadda ya kamata, sannan suka tsaya nesa kaɗan suna ɗaukarsa hoto a ɓoye. Bai tambaye ni komai game da kiran wayar ba. Ya ce dai in kai shi.

Muka tafi da safe a motata. Kaburburan nan ba su da suna, fili ne shimfiɗe da ƙananan duwatsu. Na nuna masa layin da ke kusa da katanga, inda ƙasar ba ta gama bushewa ba. A bakin layin ya tsaya ya cire takalmansa, ya rasa inda zai ajiye su, sai ya miƙo mini. Ya taka da safa har wurin, ya durƙusa, dogon bayan nan nasa ya lanƙwashe.

Na tsaya a rana riƙe da takalman. Sababbi ne, an ɗinka sunansa a dunduniya da zare ja. Ba su da nauyi ko kaɗan.