Ƙugiyar Saman Taga

Ranar da Evert Kooiman ya sayi ɗakin, ya duba komai ban da sama. Ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ya leƙa taga ya ga ruwan magudanar da ta ratsa unguwar kwance kore shar, har ya ji shi ma wani ne. Ciki ɗaya ne a hawa na ƙarshe na wani tsohon gida a unguwar Jordaan, murhu da gado da kujera duk a jere, mutum zai iya juya ƙwai a kasko bai sauka daga katifa ba. Amma nasa ne. Tun da aurensa ya mutu yake kwana a ɗakin ajiyar yayarsa Hanneke, tsakanin injin wanki da matattun kekuna, namiji da furfura a gemu ana tambayarsa ko ya goge ƙafa.

Ranar tarewa ce ta tuna masa abin da ya sani tun yana yaro. Matakalar irin waɗannan gidaje ba ta ɗaukar kabad, Evert kansa sai ya karkata kafaɗa yake wucewa. Ta taga kaya suke shiga. Can bisa tagarsa gungumen katako ya miƙo kan titi da ƙugiya a bakinsa, kuma sai wani ya fitar da rabin jikinsa ya rataya gargaren da ake zarga wa igiyar jan kaya. Wanin nan kuwa mai ɗaki ne.

Evert ko kujera ya taka don canja ƙwan lantarki sai ya ji ƙasa tana kiransa.

"Ranka ya daɗe, mai gidan sama!" Koos ne, mijin Hanneke, yake kira daga titi, yana jingine da kabad ɗin yana cin ɗanyen kifi da albasa. "Sai mun yi maka kiɗa za ka leƙo?"

"Ƙyale shi," in ji Hanneke. Ta ɗaga murya. "Evert, in ba za ka iya ba mu koma da kayan. Ɗakinka na nan, ko zanin gadon ban cire ba."

Da alheri ta faɗa, shi ya sa ta fi ta Koos ciwo.

Ya ɗaga gargaren, ya ɗora gwiwa a bakin taga. Gidan a sunkuye yake kan titi kamar sauran 'yan'uwansa, don haka da ya duba ƙasa bai ga bango ba. Iska ya gani, sai duwatsun titi, sai ruwa, sai sanƙon Koos kamar ƙwai a faranti. Tafin hannunsa ya jiƙe har ƙarfen ya soma zamewa. Ya ja da baya, ya zauna daɓas a ƙasa yana haki, yana jin bugun zuciyarsa a haƙora. Ƙamshin sabulun injin wankin nan ya dawo masa a hanci, har ya fara ganin ɗakin ajiyar ba shi da laifi sosai.

"Kai ne sabon?"

Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, Aaltje ta hawan ƙasa da shi, wadda ba ta kai kekensa nauyi ba. Ta dube shi, ta dubi gargaren.

"Tashi. Juya min baya."

Kafin ya yi magana ta cusa yatsu ta damƙi bel ɗin wandonsa, ta tokare ƙafa da bango.

"Iya, in na tafi fa da ke zan tafi."

"To ka kula, ina da baƙi gobe."

"Katakon nan zai ɗauka kuwa? Na ga ya yi baƙi."

"Da shi aka sauko da wanda ya riga ka zama a nan, a kwance cikin akwatin gawarsa. Kuma ya fi ka tumbi. Fita, ɗan nan."

Wannan ce ƙarfafa gwiwar da ya samu. Ya fita. Gwiwa ɗaya a bakin taga, ƙirji a sarari, hannu sama. Iska ta shiga rigarsa ta kumbura ta. Ƙugiyar ta yi masa nisa da kamar faɗin tafi. Ya ƙara miƙewa, sai gwiwar ta goce a kan kashin tantabara, duniya ta karkata gaba ɗaya. Ya ji Hanneke ta ƙwalla ihu. Bel ɗin ya shige masa ciki kamar zai raba shi biyu. Maɓallin rigarsa ya tsinke, ya bi shi da ido yana ta sauka, yana ta sauka, bai ma ji faɗuwarsa ba.

"Kar ka duba ƙasa, sakarai, babu abinka a can!" in ji tsohuwar ta cikin haƙora.

Ya wurga hannu ido a rufe. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ƙwal.

Yadda ya dawo ciki bai sani ba. Ya dai tsinci kansa a ƙasa, Aaltje na gyara gashinta tana cewa ya sayi bel na kirki.

Kabad ya hau, gado ya hau, injin kofi ya hau. Da la'asar Hanneke ta tsaya tsakar ɗakin ta ce ya yi ƙanƙanta, Evert ya ce haka yake so. Koos ya share baki, ya nufi matakala, sannan ya waiwayo.

"Af, suruki. Gargaren nan aro na yi. Yau mai shi yake son abinsa."

Evert ya dubi taga. Igiyar na lilo a waje a hankali.

"Ko mu kira wani?" in ji Hanneke.

Evert ya ƙara matse bel ɗinsa da huda ɗaya, ya sauka ya ƙwanƙwasa ƙofar Aaltje.