Madubin Baba

Da motar makarantar ta hau tudun farko da aka yi a titi don rage gudu, suka buga kanta da ƙarfen taga. Kullum nan suke jira. Motar takan yi tsalle, jakunkuna su zube, yara su yi ihu, sai ƙarar goshi a jikin ƙarfe ta ɓace a cikin sauran ƙara.

Doguwa ce ta riƙe mata wuya ta baya. Mai Zobe ta danne mata cinya da gwiwa, tana soka mata tsinin kamfas na darasin lissafi ta cikin siket. Anti Babba, ɗalibar da ke jagorantarsu, tana jikin ɗaya tagar tana tauna cingam. Ita ba ta taɓa kowa da hannunta. 'Yan kujerun tsakiya kuwa sun miƙe tsaye kamar yadda aka saba, sun toshe hanya, suna waƙa suna tafi.

"Na biyu na tafe, Kwandasta," in ji Doguwa. "Ki gaishe shi."

Ta gaishe shi. Bakinta ya cika da gishirin jini, ta haɗiye. Ta tsakanin hannuwan masu tafi tana hango dogon madubin da ke saman kan direba. Rabin fuskar babanta ne a ciki. Yana gyaɗa kai yana bin waƙar.

* * *

Baba ya daɗe yana jan motar makarantar. A ƙa'idarsu, kowane ma'aikaci yana da gurbin ɗa guda da zai yi karatu kyauta. Bai ba yayyenta maza ba. Ya ajiye mata, domin ita ce mai kan boko, kuma ita ce mai sunan mahaifiyarsa. Uwata yake ce mata.

Ranar farko ya yi kuskuren. Kujerar gaba, wadda ke kusa da shi, ta jakar Anti Babba ce. Ita takan wuce baya da mutanenta, jakar ta zauna a gaba ita kaɗai, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Shi ma ya sani. Murna ce ta mantar da shi. Ya ɗauke jakar ya ajiye a ƙasa, ya goge kujerar da tsummansa, ya zaunar da 'yarsa. Sannan ya juyo ya gaya wa mota guda cewa ga 'yarsa nan, su riƙe masa ita amana.

 Anti Babba ta dubi jakarta a ƙasa, ta dubi baƙuwar, ta yi murmushi.

Kafin a tashi tara sunan Kwandasta ya zagaye ajin. Washegari aka aiko ta koma baya. Ta ƙi. Sai suka tare ta a banɗaki, suka tura kanta cikin bokitin wanke ƙasa har ta daina motsi, sannan suka cire. Daga ranar, da an kira take tashi. A mota ko ba komai akwai iska.

Baba ya ji daɗi. A gida yana ba Mama labari cewa Uwata ta shiga cikin manya, 'ya'yan masu gari ne ke kiranta da kansu, in ka ji waƙarsu sai ka ce biki ake. Mama ta tambayi kumburin goshi, aka ce ƙofar aji ce. Ta tambayi ɗingishi, aka ce wasan guje-guje ne. Ranar Asabar suna wanke motar tare, ya tsaya a kan wani tabo a kujerar baya yana kankarewa da farce. Ya yi tsaki, ya ce yaran nan ba su da aiki sai fasa jan biro. Ta karɓi soson ta wanke da kanta.

Ba tsoro kaɗai ya rufe mata baki ba. Ta san makarantar da ta baro, inda malamai ke zuwa ranar da suka ga dama. Ta san kuma yadda Baba yake goge takalmin makarantarta da hannunsa, yana hura masa iska.

* * *

Wata tirela ce ta tona asirin. Ta taka birki a gabansu ba zato, Baba ya taka nasa. Masu tafi suka zube a kan juna, waƙar ta yanke. Ya ɗaga ido don ya ga ko wani ya ji ciwo. A karon farko madubin ya kai har ƙarshen mota.

Doguwa na riƙe da gashin 'yarsa, ta naɗe shi a hannu. Ɗankwalin yana ƙasa. Jini na bin gefen hancinta yana ɗiga a farar riga.

Ya kashe motar a tsakiyar titi. Ya taho yana tsallake yara. Ya fizge Doguwa ya wurgar da ita kan kujera, Mai Zobe ta ja da baya tana ɓoye kamfas. Motoci suna ta hon a bayansu.

"Direba," in ji Anti Babba, ba ta ko daina tauna ba, "koma kujerarka. Za ka makarar da mu."

Ya damƙi wuyan hannunta. Awarwaron da ke hannun ya karye, ya yanke ta kaɗan. Ɗaya hannunsa ya tashi sama, ya tsaya a can. 'Yarsa ce ta kama rigarsa ta baya, tana cewa Baba, Baba, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya sauke.

* * *

Ofishin shugabar makaranta akwai sanyin na'ura da ƙamshin man goge tebur. Mahaifin Anti Babba ya zo da kansa. Yana cikin masu makarantar, kuma shi ya sayo motar. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Baba yana tsaye, hularsa a hannu.

An kira 'yan kujerun tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ce su waƙa suke yi, ba su ga komai ba. Shugabar ta ce ita ba ta goyon bayan cin zali, amma ba ta aiki da zargi. Abin da ido ya gani shi ne ƙato ya bar sitiyari a tsakiyar titi ya kama hannun 'yar mutane har ya fitar da jini. Aikin direba titi ne. In ya sake barin kujerarsa da ɗalibai a mota, shi da gurbin 'yarsa za su fita ta ƙofa ɗaya.

Sannan ta juyo wajen 'yar direban. "Ke, me ya sami fuskarki?"

Ta dubi Baba. Ya murɗe hular har ta zama kamar igiya. Gumi na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin.

"Faɗuwa na yi. Lokacin da aka taka birki."

"To ka ji," in ji shugabar. "Ashe ma birkinka ne."

Aka ce ya ba da haƙuri. Ya durƙusa a kan kafet, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ba uban haƙuri. Uban ya nuna 'yarsa da leɓe, ya ce ai ba shi aka kama wa hannu ba. Baba ya juya a durƙushe ya ba Anti Babba haƙuri. Ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba.

* * *

Da yamma Mama ta gasa mata fuska da ruwan zafi. Da ta ɗaga siket ta ga cinyar, huda a kan huda, sabo da tsoho, sai ta ajiye tsumman ta fita tsakar gida. Ta ce a cire yarinyar, gobe ma kada ta je. Baba ya tambaye ta a kai ta ina. Mama ta ce ko'ina. Ya ce ko'ina ba makaranta ba ce, kuma saura shekara biyu kawai. 

Bai ci abinci ba. Ya fita wajen motar, wadda ke kwana a ƙofar gida. Ta bi shi da ruwan sha. Ta same shi ya ciro sifanar taya daga akwatin kayan aiki, yana juya ta a hannu. Ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa, inda hannu zai kai ba sai an sunkuya ba.

"Uwata," ya ce, bai dube ta ba, "in na sake gani, wallahi ba a hannu zan tsaya ba."

Ta san muryar. Da ita yake magana in ya ce zai gyara abu, kuma yakan gyara. Ta hango shi a bayan ƙarafunan gidan yari, Mama na bin layi da kwano. Ta miƙa masa ruwan, ya sha.

* * *

Da safe ta riga shi fita. Ta goge gilashin gaba kamar kullum, ta karkaɗe kujeru. Ta ɗauki sifanar ta mayar akwati. Sannan ta hau kujerarsa, ta kama dogon madubin da hannu biyu. Yana da tauri, shekaru bai motsa ba. Ta tura shi sama har ya yi ƙara.

Baba ya shigo ya zauna, ya yi bismilla, ya tayar da mota. Ya ɗaga ido. Hannunsa ya tashi da kansa zuwa madubin. Tana zaune a gefensa tana kallon titi. Hannun ya daɗe a sama. Sannan ya dawo kan sitiyari.

Suka kwashi yara unguwa bayan unguwa. Anti Babba ta shigo da bandeji fari tas a wuyan hannu. Ta ce, "Ina kwana, Direba," ta tsaya. 'Yarsa ta tashi ba a kira ta ba, ta wuce baya. Jakar ta hau kujerar gaba. 'Yan tsakiya suka miƙe, aka ɗauki waƙa.

Da suka doshi tudun farko, Baba ya rage gudu. Ya ƙara ragewa, har masu keke suna wuce su. Ya hau da tayoyin gaba a hankali, ya sauke su a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar ba ta yi tsalle ba. Ko jaka ɗaya ba ta faɗi ba, ba wanda ya yi ihu.

Don haka ya ji ƙarar sarai, duk da tafin.

Ya ɗaga ido. A madubin babu komai sai rufin mota, fari, da wata 'yar tsatsa a gefe. Ya sa giya ya nufi tudu na biyu.