Kunnen Baba da Zaren Gilashi

Ranar da Baba ya ce a kai shi asibitin kunne, 'yarsa Injiniya tana tsaye a ɗakin injuna, waya maƙale a kafaɗa, tana fama da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "tsufa ya iso. Wata biyu ke nan duk wanda ya kira ni sai in ji kamar da ruwa a bakinsa."

"To in Mama ta yi maka magana a tsakar gida fa?"

"Ita wannan ko kurma ya ji ta."

Ta yi dariya, amma da ta ajiye wayar sai maganar ta tsaya mata a rai. Shekararta tara a kamfanin sadarwa tana kula da zaren gilashin da ke ɗaukar kiran mutane, cikin ƙyaftawar haske, daga wannan ɗaki zuwa eriyoyin bayan gari. Eriyar unguwar su Baba ce mafi nisa. Kuma wata biyun nan daidai ne da lokacin da aka ƙara wa layin gudu.

Ta leƙa ofishin Dogo, tsohon ma'aikacin da ya koya mata haɗa zare tun tana sabuwar zuwa. Yana shan shayi.

"Malam Dogo, ina zargin hasken layin ƙarshe yana bajewa."

"Ai mun sa masa akwati."

Akwatin da yake nufi wani faffaɗan abu ne kamar tire, cike da zare na musamman a naɗe. Haske in ya yi tafiya mai nisa, wani sashensa kan riga wani isa, sai saƙo ya hau kan saƙo. Zaren akwatin yakan ja wa mai gaggawar birki har na baya ya cim masa. Sai dai dole a auna shi daidai da tsawon hanya.

"Na kilomita nawa muka sa?"

"Arba'in. Haka taswira ta ce."

Suka jona ma'auni a bakin layin. Dogo ya gyara tabarau, ya matsa kusa da allon, ya ja baya, ya sake matsawa. Hamsin da takwas.

"Gadar nan!" Ya dafe kai. "Da ake gina sabuwar gada aka zagaya da zaren ta bayan kasuwa, ba wanda ya gyara takarda. Ni da kaina na tsaya a kan aikin. Kai, Dogo, girma ya faɗi."

"Ai ko gwani yakan yi tuntuɓe. Akwai na sittin a sito?"

Akwai, a can saman kanta, ƙura ta rufe kwalinsa. Suka nemi izinin tsayar da layin na minti goma bayan azahar. Ita ta kwance tsohon, shi ya goge bakin sabon da auduga, a hankali kamar mai share wa jariri ido, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ta tura, ya yi ƙas. A kan allo, zanen hasken da ɗazu ya cakuɗe kamar tsumma ya buɗe tas.

Dogo ya miƙa mata wayarta, ya ɗauki kofin shayinsa. "Kira mai kunnen."

Bugu biyu Baba ya ɗauka.

"Baba, kana ji na?"

Sai ya ce: "Uwata, wane ne ke hura shayi kusa da ke?"

Dogo ya kusa ƙwarewa. Ta ba Baba labarin gada da akwati, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Wato kunnena lafiyarsa lau."

"Garau."

"To kada ki gaya wa uwarki tukuna. Tun da ta ɗauka na kurmance ta daina aikena kasuwa."

Daga nesa Injiniya ta ji muryar Mama tana cewa ai duk ta ji, ya tashi ya ɗauki kwando. Dogo ya ɗauko jan biro, ya shimfiɗa taswirar a kan tebur, ya fara zana hanyar da zaren ya bi ta bayan kasuwa.