Ƙarfen Matakalar Mama

Ƙanena mai walda ne, kuma a gidanmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Anjima muke ce masa tun yana ɗan firamare, saboda duk abin da ka sa shi, amsarsa ke nan. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana da mata da 'ya'ya, amma shagonsa bai canja ba. Ga ƙofa mai ganye ɗaya jingine da bango, ga gado mai ƙafa uku, ga lilon yara wanda yaran da aka yi dominsu sun gama sakandare. Hannunsa kuwa babu kamarsa a duk layin, shi ya sa mutane suke zaginsa kuma suke dawowa.

Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, ta daɗe a asibiti, har ta fara takawa da sanda. Mai gashin ƙashi ta ce ba za ta yarda a mayar da ita gidanta ba sai an kafa ƙarfen dafawa a matakalar ƙofar falo, don matakalar tamu tsaye take, ko mai lafiya sai ya yi nishi. Autarmu, wadda take aure a wani gari mai nisa, ta ce ƙarshen wata za ta zo da mota. In ƙarfe ya tsaya, to. In bai tsaya ba, Mama ta bi ta, gidanta ba hawa ba sauka.

Mama ta ce gara a bar ta a gadon asibiti da a raba ta da ɗakinta da maƙwabtanta. Na ce abu mai sauƙi, bari in kira wani mai waldan.

"Ina da ɗa mai walda in dafa ƙarfen ɗan wata?" in ji ta. "Ki ce masa ya yi."

Na faɗa masa. Kun san abin da ya ce.

A cikin wannan hali ne matarsa ta kira ni. Ashe ta daɗe tana jansa wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, kuma likitan ya ce a kawo wanda ya san shi tun yana yaro. Ni da na yi shekaru ina shugabar makarantar firamare, ban taɓa samun gayyatar da ta yi min daɗi kamar wannan ba. Na ci ado kamar mai zuwa ba da shaida a kotu.

Likitan matashi ne, a haife na haife shi. Ya dube ni ya ce, "Mama, yaya yake a aji?"

"A aji? Ka tambaye ni yaya yake a tagar aji."

Na zazzage masa komai. Takalman da ya ɓatar, aiken da aka yi masa ya dawo da 'yar kyanwa babu saƙo, rediyon Baba da ya kwance ya mayar har ya fi da kyau amma ya manta bai ci abinci ba tun safe. Likita yana rubutu yana gyaɗa kai. Anjima kuwa yana kaɗa ƙafa, yana murza wani noti da ya ciro daga aljihu, idonsa a kan maƙalar labulen ofishin da ta karkace.

Da na gaji, likita ya ce abin yana da suna, ADHD. Ya ce matsala ce ta tattara hankali da riƙe kai, ana tasowa da ita, kuma ba ta barin mutum don ya yi gemu. Wasu, in ji shi, nasu shiru ne: suna zaune lafiya amma hankalin ya tafi yawo, su manta alƙawari, su ɓatar da makulli. Wasu jikinsu ne ba ya zama, su katse ka kana magana, su yanke shawara kafin su gama tunani. Wasu kuma sun haɗa biyun.

"Wannan ya haɗa," na ce. "Bai taɓa barin rabonsa ba."

"Haka bincikenmu ya nuna," in ji likita, bai ko yi murmushi ba.

"To a zamaninmu sunan abin lalaci."

"Malalaci ba ya wuni kan rediyo ba ci ba sha, Mama. Shi wahalarsa farawa, da tsayawa a kan abin da ba ya jan hankalinsa."

Ya rubuta magani, ya ce za a fara da kaɗan a ga yadda jikinsa zai karɓa, don yakan rage cin abinci ko ya taɓa barci. Ya ce maganin kaɗai ba ya kafa ƙarfe. Akwai wata mai ba da shawara da zai riƙa gani tana koya masa yanka aiki ƙanana-ƙanana, sannan ya kula da barci. Sai ya ƙara da abin da ya ɗaure min kai. Wai masu irin wannan sukan fi gama aiki in wani yana zaune kusa da su.

"Yana sa musu ido," na ce. "Wannan ai sana'ata ce."

"A'a. Yana zaune kawai, yana harkarsa. Ba tuni, ba gyara, ba faɗa."

Anjima ya dubi likita a karo na farko. "Likita, ba ka san Yaya ba."

Da yamma na je wurin Mama na kai ƙarar likita. Na ce an yi karatu mai tsawo don a ce mutum ya zauna ya yi shiru. Mama ta yi dariya har ta dafe ƙugu.

"Ke kina tsammanin me nake yi a shagon babanku duk shekarun nan? Mutane na cewa tsaronsa nake yi kada mata masu kawo ɗinki su sace shi. Wa zai saci babanku? In na tashi, keken ɗinkin ma tsayawa yake. Ki tafi da abin da zai riƙe miki hannu, bakin kuma ki bar shi a gida."

Washegari na ɗauki kujerar roba da zare da ƙwarashi na tare a shagon. Na zauna daga gefe, bayan wani allon kwano, don kada hasken walda ya ci min ido. Matarsa ta ce min ya riga ya sha maganin. Ya zagaya shagon, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya leƙa waje, ya dawo ya kalle ni. Na ƙura wa zarena ido. Can sai na ji injin yanka ya tashi.

Ban taɓa sanin shiru aiki ne ba sai a shagon nan. Ina gani ya ajiye tef ɗin awo a kan taga, ina gani yana nemansa a ƙarƙashin tebur, maganar ta zo min har maƙogwaro na haɗiye. Wani mai babur ya kawo salansa a liƙe masa, na ga Anjima ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya waiwayo ya ga ƙeyata, ya ce wa mutumin ya dawo wani satin. Na saƙa hular da ba kan da zai shige ta, na warware, na sake.

A satin farko ya yanka bututun ƙarfen, ya haɗa dogayen ƙafafun, ya je gidan Mama ya huda siminti. Da rana ba ya cin abin kirki, ni nake cinye rabonsa don kada a yi asara. Ranar da na makara, na tarar da shi yana gyara wa maƙwabcinsa keken guragu na wata tsohuwa da bai ma sani ba. Na ajiye kujerata ban ce uffan ba. Ya goge hannu ya koma kan ƙarfen Mama.

Wata rana yana goge walda ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, ashe haka kanku yake? Shiru?"

"Kan wa?"

"Naku. Ni da kamar tashoshi goma ne suke magana lokaci guda. Yanzu sun koma biyu."

Tausayinsa ya kama ni sosai, kuma ban saba ba, sai na ce masa zare ya ƙare min in je in sayo.

Matsalar ta zo ne daga fure. Aiki ya rage gaɓa ɗaya, ta saman matakala, sai Anjima ya tuna Mama tana son furanni. Ya ɗauko siraran rodi ya fara lanƙwasa ganye da fure yana liƙawa a gaɓoɓin da ya riga ya gama. Kyau kam sun yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa. Amma wata yana ƙarewa, Auta ta riga ta kira ta ce an duba mata mota, shi kuma yana zaune yana gyara kunnen fure da ƙaramar guduma kamar mai yi wa jariri wanka.

Na daure kwana ɗaya, na daure na biyu. Ana gobe Auta za ta iso, na ga ya ɗauko sabon rodi zai fara wani furen. Ƙwarashin ya faɗi daga hannuna.

"Fure za ta dafa? Uwarka za a ɗauke gobe, kai kana nan kana mana lambu. Duk maganin da likitan da zaman da na yi, ashe kai ɗin dai kai ne."

Ya kashe injin. Ya cire gilashin walda ya rataye a ƙusa, a hankali, ya fita. Na zauna ni da gado mai ƙafa uku har rana ta yi sanyi. Can ya dawo idonsa ja. Muka kira mai ɗaukar kaya muka kai abin da ya samu gida, ya ɗaure shi da noti kafin duhu. Gaɓar sama babu ita, kuma lokacin yin ta ya wuce.

Auta ta ɗauko Mama daga asibiti da hantsi, akwatinta a bayan mota, ba a ma sauke ba. Ta fito ta dubi ƙarfen daga ƙasa zuwa sama, ta tsaya inda ya ƙare.

"Yaya, ai bai kai ba."

"Ina da ido," na ce.

"Mama, kin gani ko? Ba don mugunta nake yi ba. In kika sake faɗuwa fa?"

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mama ta miƙa min sandarta, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta girgiza shi iya ƙarfinta. Ko motsi bai yi ba. Ta shafa wani fure da babban yatsa, ta ɗaga ƙafa mai lafiyar, ta jawo ɗayar. Ta hau, ta huta, ta hau, har hannunta ya zo ƙarshen ƙarfen ya dafa iska.

Ban ga lokacin da Anjima ya zagaya ba. Sai ganinsa na yi a saman matakala, daidai inda gaɓar ya kamata ta tsaya, ya miƙo damtsensa, kansa a ƙasa. Mama ta kama shi ta taka ta ƙarshe, ta tsaya a ƙofar falonta tana haki.

"Kullum zai zo ya tsaya miki a nan?" in ji Auta.

"A'a. Yau zai gama." Mama ta dubi ɗanta. "Jeka ka kwaso injinka da ƙarfenka ka kawo nan ƙofar gida."

"Mama, tartsatsi zai dame ki."

"Sai in juya baya. Ke kuma," ta nuna ni da haɓa, "kawo min kujerar nan taki. Kin yi ƙoƙari, amma aikin ya fi ƙarfin bakinki."

Na kawo kujerar na ajiye mata a bakin ƙofa. Ta zauna ta gyara zaninta, ta ce wa Auta ta shigo da akwatin, kuma kada wanda ya yi wa yaron nan magana sai ya kashe injin da kansa.