Firidom ɗin Nuhu Bakanike

An fasa wa Oga Okechukwu kai, an karya masa hannun dama a wuri biyu, mutum biyar sun ji rauni, Nuhu Lawal kuma bai karɓi takardarsa ba. Abin ya faru ne ranar Asabar ta biyu a cikin watan Satumban 1985, wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, a wani garejin gyaran Fijo da ke bayan masaƙu a Kakuri.

Ranar firidom ɗin Nuhu ce. Kalmar ta Turanci ce, 'yan boko kan fassara ta da 'yanci. A bakin kanikawa da teloli da kafintocin Kaduna kuwa, ita ce ranar da maigida zai yaye wanda ya koya wa sana'a, ya sa masa hannu a takarda a gaban ƙungiya. Wanda ba shi da takardar, ƙungiyar kanikawa ba ta ba shi fili, ko da na kafa rumfar kwano huɗu ne. Shekara bakwai Nuhu ya yi a ƙarƙashin mota yana jiran ranar. Shekarunsa ashirin da tara, yana da mata da 'ya ɗaya.

Akwai abin da ya ɓoye wa mutanen gida. A wannan garejin, kafin a sa hannu, wanda za a yaye sai ya tuɓe riga ya durƙusa, maigida ya yi masa bulala ɗaya a kan kowace shekara, shaidar cewa daga ranar babu mai sake dukansa. Nuhu ya ga an yi wa mutum huɗu kafinsa, duk suna dariya. Amma ya ji nauyin a ce magidanci ya kai wannan labari gidansu a Tudun Wada. Sai ya ce wa danginsa su zo ƙarfe huɗu, lokacin cin shinkafa.

"Durƙusa, injiniya," in ji Oga Okechukwu yana lanƙwasa tsumagiya. "Yau zan rama duk notin da ka tsinke mini."

"Oga, a hankali dai. Bayan nan na iyali ne."

"Iyali? Da ka ƙona wa wani Alhaji gasket ɗin injin mota ka tuna da iyali?"

Wurin ya ɗauki dariya. Samuel, shugaban ƙungiya, shi ke ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Da zafi, amma Nuhu murmushi yake, idonsa na kan teburin da aka ajiye takarda da biro.

A ta biyar ya ji burkin tifa a bakin gareji. Ya san ƙarar. Ɗahiru ne, yayansa, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya gama jigilar yashi da wuri, ya zo da rago a bayan mota don biki. Abin da ya gani daga sitiyari shi ne ƙaninsa a durƙushe ba riga, bayansa ya yi rudu-rudu, ƙattai sun zagaye shi suna ihu.

Bai tambayi kowa ba. Ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu.

"Yaya, tsaya! Al'ada ce!"

Ihun ƙirga ya shanye muryar Nuhu. Oga ya ɗaga hannu zai sauke ta shida, ƙarfen ya same shi a ƙasan gwiwar hannu. Nuhu ya ji ƙarar ƙashin. Bugu na biyu ya sauka a hannun kuma, na uku a bayan kunne. Oga ya faɗi kan tebur, teburin ya kife da shi.

Kanikawa suka yi kan Ɗahiru da sifana da kwalaben lemo. Direbobin tifa biyu da suka biyo shi cin biki suka shigo da shebur. Samuel ya shiga tsakani, aka tsaga masa goshi. Wani ya jefa jak ya fasa gilashin motar kwastoma, tukunyar miya ta kife a ƙafar Lydia, matar Oga. Nuhu ya kwanta a kan maigidansa yana kare masa kai, shebur ya same shi a kafaɗa, bai san na wane ne ba.

Duka bai kai minti biyar ba. Ɗahiru ya ja tifarsa ya fice, jini na zuba masa daga ido ɗaya. Nuhu ne ya saɓi Oga zuwa cikin tasi.

Kwana uku bayan haka ƙungiya ta zauna. Nuhu ya tsaya a gabansu da hannu a rataye.

"Laifina ne, shugaba. Ban gaya masa ba."

"Mun ji," in ji Samuel, kansa a naɗe da bandeji. "Dokarmu, wanda ya koya maka shi ke sa hannu. In ya kasa, ni zan sa. Amma ba na sawa sai yayanka ya je caji ofis da ƙafarsa, ko ka kai 'yan sanda inda yake."

"Shi ya rene ni."

"Wancan da ke kwance a asibiti fa? Shekara bakwai wa ya ciyar da kai?"

Suka ba shi mako biyu. In wa'adin ya cika, za a cire sunansa daga rajista, babu garejin da zai ɗauke shi daga Kakuri har Sabon Tasha.

Nuhu ya san inda Ɗahiru yake: ɗakin wani abokinsa mai facin taya a Makera. Sau biyu ya kai masa magani. Ɗahiru ya ce in aka sake zai sake, ba ya kallon ana dukan ɗan'uwansa don wata takarda. Sajan mai bincike ya zo gidan Nuhu sau uku, Nuhu yana ce masa bai sani ba.

Da safe Nuhu kan je asibiti, Lydia ta karɓi kwanon koko a bakin ƙofa ba ta ce masa shigo ba. Oga Okechukwu ya farfaɗo a rana ta tara, yana gane mutane, amma bai yi magana ba tukuna, balle ya sa hannu a takarda. Likita bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Saura kwana huɗu wa'adin ya cika.