Rabin Gidan Dulcie

A garin nan, idan zinariya ta ƙare a wani dutse, ba a barin gida a baya. Zarto ake sa masa a raba shi biyu, a ɗora a keken shanu a kai inda ake sabon haƙa. Haka aka yi wa gidan katakon da shahararren marubucin garin ya tashi a ciki, sai dai ɓangarorin ba su sake haɗuwa ba. Falo da baranda suka faɗa hannun iyayen Clarrie Pascoe, kicin da ɗakin baya kuma suka zama gadon Dulcie Trembath.

Clarrie ne ya ci riba. A ƙofarsa motocin baƙi ke tsayawa, shi kuwa ya yi ta shara musu ƙarya son ransa. Dulcie ko a jikinta, sai da hukuma ta ce sabon titi zai bi ta kan gidanta in ba a sa shi cikin gidajen tarihi ba, kuma ɓangare ɗaya za a zaɓa. A ɗakin bayan nan aka haife ta. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Ranar da wata jami'ar hukuma ta zo daga birnin Brisbane duba gidajen, Dulcie ta bi ta har gidan Clarrie da farantin biskit, sai ka ce maƙwabciyar kirki.

"Nan marubucin yake zama ya yi karatu," in ji Clarrie, yana shafa kujerar falo.

"A falo?" Dulcie ta zaro ido. "Ɗan mahaƙi? Kai Clarrie, ka ji tsoron Allah! Ai da uwarsa ta karya masa ƙafa."

"Ke dai ci biskit ɗinki, tsohuwa."

"Zan ci. Amma ku ma da falonku a gidan da kuka fara zama. Faɗa wa baiwar Allah, yaushe aka fara barin ka ka shiga?"

Clarrie ya buɗe baki zai shirga wata ƙaryar, sai ta maƙale.

"Ranar da aka ɗauko gawar Baba daga ramin haƙa," ya ce a hankali. "A falo ake shimfiɗe mamata. Mu masu rai a kicin muke."

Dulcie ta so ta yi murna ta kasa, don ita ma ta haka ta fara shiga falon da iyayenta suka ƙara wa nasu rabin.

Jami'ar ta rataya jaka. "Ina kicin ɗin yake?"

Clarrie ya ɗauki hularsa. "Mu je in raka ki. Wannan matar ba ta iya tarbar baƙi ba."