Kwaɗo a Famfon Kawu

"Ba zan buɗe ba, Yallaɓai."

Shugaban sashen tsabtar muhalli ya kife wayarsa a kan tebur, ya zare tabarau, ya dube ta. A samansu fanka tana juyawa a kasalance, don dai kada a ce ba ta aiki.

"Ban ji ba."

"Na ce ba zan buɗe ba. Ruwan bai gyaru ba."

Duba-gari ce, ba ta daɗe da kama aiki ba. A makon jiya ta zagaye famfunan wata rijiyar burtsatse da ke bayan kasuwa da sarƙa, ta danna kwaɗo. Amai da gudawa ne ya ɓarke a unguwar, kuma duk wanda aka kwantar a asibiti, in aka bi diddigi, ruwan wurin yake sha. Aka kai ruwan ɗakin gwaji, aka ga abin da ake tsoro: ramin masai na gidan wankan kasuwa ya tsage, yana yoyo ta ƙarƙashin ƙasa. Mai rijiyar kuwa kawunta ne, yayan mahaifiyarta, wanda a gidansa suke zaune ita da uwar tun rasuwar mahaifinta.

"'Yata, zauna," in ji shugaban. Ba ta zauna ba. "Kin san wanda ya buga mini waya da sassafe? Ba zan faɗa miki ba, kada cikinki ya ɗuri ruwa. Na tsufa a ofishin nan, ban taɓa ganin ma'aikacin da kawunsa ya kai ƙararsa wajen manya ba sai ke. An ce a buɗe. Cutar ma ai ta fara lafawa."

"Don an kulle ne ta lafa."

"Ke kika sani."

Ta sa hannu a aljihun farar rigarta ta ciro makullin, ta ajiye a gabansa kusa da kofin shayi.

"Ga shi, Yallaɓai. In kai za ka je ka buɗe, ba ni da ikon hana ka."

Ya dubi makullin kamar kunama aka ajiye masa. Dukansu sun san inda matsalar take. Kwaɗo ba wani abu ba ne, guduma ɗaya ta ishe shi. Amma mutanen unguwa sun ga hannun da ya kulle, kuma ba mai sake ɗaukar ruwan nan ya bai wa ɗansa sai ya ga hannun nan ya buɗe da rana tsaka. In wani ya fasa, za a ce an fasa. In ita ta buɗe, za a ce ruwa ya yi lafiya, kuma in wani abu ya biyo baya sunanta za a kira.

"Ɗauki abinki," ya ce. "Na ba ki zuwa lokacin tashi daga aiki. In aka tashi famfon yana kulle, gobe ɗakin ajiyar kaya za ki koma, ki zauna da tsintsiyoyi da gwangwanayen feshi. Su ba su da kawu."

Ta ɗauki makullin, ta ce a huta lafiya, ta fita. A bakin ƙofa ta saɓi ƙaramar lasifikar hannu da jakar ƙwayoyin tsabtace ruwa, ta tsayar da bas.

Daga tasha ta shiga lungunan unguwar da ƙafa, tana faɗin abin da take faɗi kullum har muryarta ta dushe. A tafasa ruwan sha ko a jefa masa ƙwaya. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da kafin a taɓa abinci. Wanda cikinsa ya ɓare a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, kada a jira a ga yadda zai kwana. Wasu suka leƙo ta taga, wasu suka ƙara wa rediyo murya.

Wata mai wankau ta tare ta a bakin wani gida, hannuwa a ƙugu, tarin kayan mutane a bayanta.

"Ke ce mai kwaɗo ko? To ina tankar da kuka ce za a riƙa kawo mana?"

"Sannu da aiki, Baba. Ana nan ana..."

"Ana nan ana me? Ranar farko ta zo, aka ɗauke ta hoto, ta tafi. Ko hoton za mu sha? Yanzu sai na tsallake titi biyu da bokiti a ka, da tsufana. Jiya maƙwabciyata a kwatami ta ɗebi na wanki."

Zancen tankar ba sabo ba ne ga duba-gari. Kullum sai ta tambaya a ofis, kullum sai a ce mata babu mai. Ta zuba wa matar ƙwayoyi a tafin hannu, ta nuna mata yadda ake jefa ɗaya a jarka a bari ta narke kafin a sha. Matar ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

"Ruwan yana warin asibiti in an sa abin nan."

"Gara warinsa da kwanansa, Baba."

Matar ta yi tsaki, amma ta kusa yin dariya.

Rana ta take lokacin da ta isa rijiyar. Babban tanki ne baƙi a kan ƙafafun ƙarfe, da jerin famfuna a ƙasansa, sarƙarta tana nan yadda ta bar ta. 'Yan ga-ruwa sun jera kurayensu a inuwa, jarkoki ba komai a ciki, wasu sun kwanta a kai. Suna hango farar riga suka tashi zaune.

"Ga gwamnati nan tafe!"

"Hajiya likitan ruwa, yau za a sallami mara lafiyar ne, ko sai an yi masa allura?"

"Ku bar ta, boko ne ya yi mata yawa, har ya fara fitowa ta hanci."

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta ji ba. Ta san yawancinsu tun tana zuwa kawo wa Kawu abinci da kayan makaranta a jikinta.

Kawu yana zaune a benci ƙarƙashin tankin. Tun da aka haife ta Uwata yake kiranta, ko a gaban wa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malama duba-gari," ya ce. "An zo buɗewa?"

"Na zo mu yi magana ne, Kawu."

"Maganar ai an gama ta a sama. An ce ki buɗe."

"A kwashe ramin can a toshe tsagar, a wanke tankin da magani, a sake gwaji. Ranar da ya fito lafiya, ko ana ruwa ana iska zan zo in buɗe da hannuna."

"Ramin nawa ne?" Ya nuna gidan wankan da haɓa. "Na kasuwa ne. Su suka yi ɓarna, suna can suna karɓar mutane, ni aka ɗaure wa wuya. Haka aka koya muku adalci?"

"Gaskiyarka ne, Kawu. Sintiri nake yi a ofishinsu. Amma ba ramin mutane suke sha ba."

Kawu ya miƙe. Mutum ne mai jiki, gwiwoyinsa sun daɗe da fara ƙi. Ya tuɓe takalma, ya naɗe riga, ya ɗauki kofin silba da ke rataye a jikin bencin, ya kama tsanin tankin.

"Kawu, don Allah ka sauko!"

Bai ko waiga ba. 'Yan ga-ruwa suka taru a gindin tsanin, masu wucewa suka tsaya, mata suka fito ƙofar gida. Ya hau a hankali yana haki, ya ture murfin, ya zura hannu ya cika kofin. Ya ɗaga shi sama yadda rana za ta haska.

"Jama'a, ku duba! Akwai ƙwaro a nan? Akwai laka?" Ya tsiyayar da kaɗan, ruwan ya zubo garau. "Da ruwan nan na rene ta. Da shi aka yi mata wanka ranar da za ta fara zuwa makarantar da aka koya mata cewa guba nake sayarwa."

Ya kafa kai ya shanye, ya kife kofin. Wuri ya ɗauki sowa, ana buga jarkoki. Ya sake cikawa, ya sauko da shi a hannu ɗaya, ruwa yana zuba a hannun rigarsa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya miƙa wa babban 'yan ga-ruwan, wanda ya fi kowa ihu.

"Karɓi ka sha, su gani."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Wallahi maigida, azumi nake."

Kawu ya miƙa wa na kusa da shi.

"Ni tun safe cikina yake ɗan murɗawa, kada a ce ruwan ne."

Na ukun ya durƙusa yana duba tayar kurarsa. Kawu ya zagaya da kofin, da'irar tana faɗaɗa, har ya rage shi kaɗai a tsakiya. Wata mata ta ja hannun 'yarta suka shige gida. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi.

Duba-gari ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji.

"Kawu, in ka ji cikinka ya juya, ko yaya ne, kada ka jira. Ka sa a kira ni."

"Fata kike mini?"

"A'a, Kawu."

Ya watsar da ruwan a ƙasa, kusa da takalminta.

"Kin ga abin da kika mayar da ni a gaban yaran da nake ciyarwa. Je ki. Allah ya ba ki abin da kike nema."

Ta ƙarasa sauran lungunan da lasifikarta. Lokacin tashi daga aiki ya zo ya wuce tana nuna wa wasu mata yadda ake auna gishiri da sukari a ruwan da aka tafasa. Wayarta ta yi ta ruri a jaka, ba ta duba ba.

Da yamma ta shiga gida. Matan gidan da ke tsakar gida suka amsa sallamarta a ciki-ciki, kowacce ta sami abin yi. Inna, mahaifiyarta, tana bayan nata ɗakin a tsugune gaban murhu. Tukunyar ruwa ce a kai, ta kare ta da jikinta. Tun ranar da aka kulle famfon take tafasa na shansu a nan, inda yayanta ba zai gani ba in ya shigo.

"Ya aiko," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce gwamnatin da ta ba ki kwaɗo ta ba ki ɗaki."

Duba-gari ta ajiye lasifikar a ƙasa, ta zauna a kan turmi.

"Ke dai da taurin kai, kamar ubanki. Me zai ci ki in kin buɗe? Ki buɗe, ki bi gida-gida ki ce kowa ya tafasa. Ba shi ke nan ba?"

"Wa zai tafasa ruwan da na ce lafiyarsa ƙalau, Inna? Da wane gawayin?"

"Shi ya kai ki makarantar nan da kike taƙama da ita."

"Na sani. Abin da ya biya aka koya mini ne nake yi."

Inna ta sauke tukunyar da bakin zane, ta rufe.

"Ni ina za ni? Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Shi ya ɗauke mu ranar da ba mu da kowa."

"Ban ce ki bi ni ba, Inna."

"Da kin ce ma da ya fi mini."

Kayanta ba su da yawa. Akwati ɗaya, katifa, da littattafan makaranta a kwali. Inna ta shigo ta karɓe rigunan daga hannunta ta sake ninkewa, wai ba haka ake ninki ba. Kafin duhu ya yi, mai kura ya ɗauki kayan zuwa gidan wata abokiyar aikinta, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce ta zo su raba ɗaki kafin ta sami nata.

Kawu bai yi ko ciwon kai ba. Har yau in zancen ya taso sai ya ba da labarin kofin, ya buga ƙirji. Famfon kuwa ya ci gaba da zama a kulle, don ba a sami mai yarda ya sa hannunsa ba, har masu kasuwa suka gaji da surutu suka gyara raminsu. Aka wanke tankin, gwaji ya fito lafiya, shugaban sashe ya je da kansa ya buɗe. Cutar ta ɗauke, mutanen unguwa suka ce dama lokacinta ne ya wuce.

Ita kuwa duba-gari tana ɗakin ajiyar kaya a ƙarshen baranda, inda taga ba ta buɗuwa. An karɓe lasifikar, an cire sunanta daga masu fita unguwa da masu zuwa ƙarin karatu. Ɗakin da ta girma a ciki an mayar da shi wurin ajiye jarkoki. Inna takan zo inda take kwana wani lokaci da sunan za ta kasuwa, ta zauna a bakin katifa ba tare da ta cire mayafi ba, ta tashi da wuri. Hanyar bas ɗinta ta bayan kasuwa take bi, kuma in ta sauka takan iske Kawu a bencinsa. Bai sake amsa gaisuwarta ba. Ita kuma ba ta daina gaishe shi ba.